Ƙofar Gilashi a Bakin Baho

A gidajen Maraɗi da Damagaram da Tawa, wanka aiki ne na zaune. Mutum ya ɗauki bokitinsa da moɗa da soso, ya kewaya bayan ɗaki, ya tsuguna ko ya zauna bisa ƴar kujera, ya zuba ruwa gwargwadon yadda jikinsa ke so. Daɓen makewayi daidai yake da na tsakar gida, in ma akwai tudu bai wuce na bulo guda ba. Abin da ke suturta mai wanka katanga ce ko zana, ko zanen da aka rataya a ƙofa, kuma gyaran murya ya isa ya tsayar da mai shigowa. Tsoho da yaro, mai ciki da majinyaci, duk wuri ɗaya ke ɗaukarsu, domin ba don mai ƙarfi kaɗai aka tanade shi ba.

Ɗakin wankan gidajen Amurka kuwa an tsara shi ne bisa zaton cewa duk mai shigarsa yana iya tsayawa da ƙafa ɗaya. Bahon da aka fi samu a can tsawonsa inci 60 ne, wato kimanin santimita 152, an kafe shi tsakanin bango uku, bakinsa kuma ya tashi daga ƙasa da santimita 35 zuwa 40. Sai an ɗaga ƙafa an ƙetare wannan baki kafin a taɓa ruwa. A gidaje da yawa da aka gina daga shekarun 1960 zuwa na 1980, an ƙara wa bakin ƙofar gilashi mai zamewa. Falle biyu ne, kowanne na rataye da ƙananan tayoyi a jikin wani ƙarfen alminiyom da ya ratsa sama daga bango zuwa bango. Akwai ƙarfe biyu a tsaye a jikin bangon dama da na hagu, na huɗu kuma yana kwance bisa bakin bahon tamkar dokin ƙofa, da kwari a tsakiyarsa da kaifi a gefensa. Fallayen ba sa buɗewa waje, ɗaya ne ke shigewa bayan ɗaya, saboda haka duk yadda aka tura su rabin bakin bahon a rufe yake. Hanyar da ta rage ba ta cika santimita 70 ba.

Irin wannan ƙofa ce wata mata ƴar Maraɗi ta tarar a gidan da suka saya da mijinta a Girinsboro, wani birni mai mutane kusan 300,000 a jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar suka soma taruwa tun shekarun 1990. Mijin direban babbar mota ne, yakan yi kwana huɗu ko biyar a kan hanya. Ita kuwa tana aiki a gidan kula da tsofaffi, inda take tayar da su daga gado, ta yi musu wanka, ta sauya musu tufafi. Gidan nasu ginin farkon shekarun 1970 ne, kuma ranar da dillali ya zagaya da su, ƙofar gilashin tana cikin abubuwan da suka burge maigidan. Shekara da shekaru ba wanda ya ga aibunta, in ban da wuyar wankewa, har sa'ad da mahaifiyar matar ta zo.

Tsohuwar ta zo ne don haihuwar auta. Ta yi wa ƴarta hidimar jego yadda ta iya a ƙasar da ba a hura wutar itace a tsakar gida, ta dama kunun kanwa, ta gasa wa jaririya cibi, aka yi suna, aka yi arba'in. Ana shirin komawarta sai hawan jini ya kayar da ita wata safiya a lokacin hunturu. Ta fito daga asibiti da ɓarin hagu mai nauyi: hannun yana motsi amma ba ya riƙo, ƙafar tana takawa amma ba ta ɗaguwa fiye da taƙi guda. Bakinta bai taɓu ba, hankalinta ma haka. Likitoci suka ɗora ta kan maganin tsinka jini, suka ce tafiyar jirgi sai ta jira.

A nan ne wata tsohuwar al'ada ta ci karo da ginin Amurka. Matar ita ce ƴar fari. Tun da aka haife ta uwar ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, kuma a hannun gwaggonta ta yi yawancin ƙuruciyarta. Idan za ta kira ta, sai ta ce “ke”, ko ta aiki yaro ya ce da uwarsa ana nemanta. Ko hidimar jegon ma da kawar da kai aka yi ta, ana magana ana duban bango. Wanda bai tashi cikin wannan kunya ba yana iya ɗaukarta rashin ƙauna, alhali masu ita sun san ƙauna ce da aka hana ta fitowa ta baki, sai ta riƙa fitowa ta tuwo da addu'a da tashin dare. To, macen da ba ta iya furta sunan ƴarta, yaya za ta tuɓe a gabanta?

“Inna, bari in taimaka miki,” in ji matar a daren farko. “Aikina ke nan kullum.”

“Je ki yi wa waɗanda ke biyanki,” in ji tsohuwar. “Ni ban mutu ba tukuna.”

Ta shiga ita kaɗai, ta ja ƙofar ɗakin, matar ta tsaya a waje tana sauraron ƙarar ruwa. Haka aka yi sau biyu ko uku. Daga nan tsohuwar ta soma cewa sanyi ya yi yawa, ta koma goge jiki da tsumma a gaban kwamin wanke hannu. Mako ya wuce, na biyu ya bi shi. Fatarta ta bushe tana ƙaiƙayi, ta rage fitowa falo idan an yi baƙi, ta daina karɓar jaririyar da hannu biyu kamar da. Sai ranar da matar ke haɗa kayan wanki ta ga jini ya bushe a gefen zanen uwarta. Da ta matsa da tambaya, ta bakin jikanta aka ji labari, domin shi ne ta aika ya kawo mata auduga a ɓoye. Ashe a wanka na ƙarshe, da ta zo fitowa, ta kama sandar rataya tawul da ke jikin gilashin don ta dogara, gilashin ya zame da ita, ƙaurinta ya gurzu a kaifin ƙarfen ƙasa. Ba ta faɗi ba, bango ya tare ta, amma jinin ya daɗe bai tsaya ba saboda maganin da take sha.

Matar ta san abin da hakan ke nufi fiye da kowa a gidan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoto a shekarar 2011 da ya ƙiyasta cewa a shekarar 2008 kaɗai mutane kimanin 234,000 masu shekara 15 zuwa sama sun je sashen gaggawa na asibitoci saboda raunin da suka ji a ɗakin wanka, kuma huɗu cikin biyar faɗuwa suka yi. Ita ba ta bukatar rahoto, ta ga yadda karayar ƙugu ke mayar da tsoho mai tafiya da ƙafarsa ɗan gado cikin dare ɗaya, ta kuma ga yawan waɗanda ba sa sake tashi. Ma'aikaciyar da asibiti ta turo don duba yadda majinyaciyar za ta zauna a gida ta leƙa ɗakin wankan, ta ce abin da ya dace shi ne benci mai ƙafa huɗu, biyu a cikin baho biyu a waje. Mutum ya zauna a ɓangaren waje, ya ja jiki a zaune zuwa ciki, ya shigar da ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ba tsayuwa ba ƙetare. Sai dai bencin ba ya zama inda akwai ƙofa mai zamewa: hanyar ta yi ƙunci, ƙarfen ƙasa kuma ya tokare.

Akwai wani aibun da ma'aikaciyar ba ta gani ba, domin ba a koyar da shi a makarantarsu. Gilashin mai dishi-dishi ne, yana nuna surar wanda ke ciki ko da bai nuna fuska ba. Idan matar ta tsaya a cikin ɗakin don ta kasance kusa, tana ganin uwarta, abin da tsohuwar ba za ta yarda da shi ba. Idan kuma wani abu ya faru, gilashin nan da bai hana ido ba zai hana hannu, musamman in mutum ya faɗi ya jingina da shi daga ciki. Abin da gidan ke bukata shi ne abin da zai tare ido ya bar hannu ya wuce, kuma wannan labule ne.

Da maigidan ya dawo daga tafiya, ta gaya masa za ta cire ƙofar. Bai ji daɗi ba. Ya ce gidan har yanzu na banki ne, shekaru da yawa sun rage a biya, kuma ranar da za a sayar mai saye zai duba ɗakin wanka kafin ya duba ɗakin kwana. Ya ce labulen roba kayan gidan haya ne, sun baro shi tun suna ɗaki ɗaya. Ba mugun mutum ba ne, shi ya biya kuɗin jirgin surukarsa, kuma ba ya zama a kujera idan tana tsaye. Amma ƙofar nan tana cikin ƴan abubuwan da yake kallo ya ji cewa kwanakin da yake yi a kan titi ba su tafi a banza ba.

“Baban yara,” in ji ta, “in ta faɗi a ciki, kai ne za ka shiga ka ɗauko ta?”

Ya yi shiru, domin ya san ko wuta ce ta kama ba zai iya ganin surukarsa a wannan hali ba. Daga baya ya ce a kira mai gyara. Kuɗin da mai gyaran ya yanka ya kai ladan aikinta na kwana biyu, kuma sai bayan mako uku zai samu zuwa. Ta ce ba za ta jira ba. Sharaɗi ɗaya maigidan ya kafa, cewa kada a fasa gilashin, a ajiye masa shi.

Ranar Asabar da ba ta da aiki, ta kira babban ɗanta mai shekara 15. Abu na farko da ta yi shi ne ta durƙusa da tocila tana duba kusurwoyin gilashin huɗu. Tun shekarar 1977 dokar tarayya a Amurka ta wajabta cewa gilashin ƙofar wanka ya zama na kariya. Mafi yawansa gasasshe ne: ana zafafa shi ya haura digiri 600, sannan a huce shi da iska farat ɗaya, sai bayansa ya ɗaure cikinsa. Ya fi gilashin taga ƙarfi kamar sau huɗu, in kuma ya fashe yakan wargaje ne ƙanana kamar tsakuwa. Rauninsa yana gefe da kusurwa, inda ɗan bugu a kan karo ya isa ya tarwatsa falle guda. Irin wannan gilashi yakan zo da ƙaramin tambari da aka zana a kusurwa. Ta duba ba ta ga komai ba. Rashin tambari ba ya tabbatar da cewa gilashin taga ne, amma tunda gidan ya girmi dokar, ta ɗauke shi a matsayin wanda in ya fashe zai zama wuƙaƙe. Ta manna salatif mai faɗi a gicciye a fuskokinsa biyu, ta shimfiɗa tsohon bargo a cikin bahon, ta toshe magudanar ruwan don kada kusa ta faɗa, ta jera kwali a farfajiya. Ita da yaron suka sa safar hannu mai kauri da rufaffen takalmi da tabarau.

Tsohuwar ta sa aka kawo mata kujera bakin ƙofa, ta zauna da carbinta tana kallo. Da ƴarta ba ta magana, amma jikan abokin wasanta ne.

“Kai, angon banza,” in ji ta, “in ka fasa mini madubi sai ka sake sadaki.”

“To, amarya,” in ji yaron da Hausarsa mai gargada. Uwar ta ce ya miƙo turnabis, ya tsaya yana dubanta, sai da ta nuna masa da yatsa.

A tsakiyar ƙarfen ƙasa akwai ƴar roba mai riƙe gindin fallayen don kada su yi lilo, bis ɗaya ke riƙe da ita. Ta kwance ta. Daga nan suka kama fallen waje, ita a dama shi a hagu, suka ɗaga shi sama har tayoyin suka fita daga kwarinsu, suka karkato gindinsa, suka sauko da shi. Gilashi mai kaurin milimita 5 zuwa 6 a wannan girma yakan kai kilo 13 zuwa 16. Ba nauyin ne abin tsoro ba, faɗin ne da santsi da ƙuncin wuri, ga kwamin wanke hannu a gefe, ga masai a baya. Suka fita da shi a tsaye, taku ɗaya bayan ɗaya, suka jingina shi kan kwali. Falle na biyu ya ƙi ɗaguwa, domin tayarsa ɗaya ta ci tsatsa ta maƙale. Ba ta fizge shi ba. Ta sa yaron ya tallafe shi daga ƙasa, ta hau ƴar kujera ta kwance bis ɗin tayar daga jikin firam, fallen ya sauko a hannunsu, tayar ta zauna a sama ita kaɗai.

Ƙarfen sama ya ba su mamaki da sauƙinsa. Ba abin da ke riƙe da shi sai nauyinsa da datti, yana zaune ne kawai bisa kan ƙarafan gefe. Ta buga shi daga ƙasa da gudumar roba sau biyu, ya tashi. Ƙarafan gefe kowanne bis uku ke riƙe da shi a bango. Biyar suka fito lafiya. Na shida, wanda ke can ƙasa inda ruwa ke kwanciya, kansa ya cinye har turnabis na juyawa a banza. Ta ɗiga masa man kwance tsatsa, suka je suka ci abinci, suka dawo. Ta shimfiɗa ƴar robar ɗaure kuɗi a kan bis ɗin, ta danna turnabis da dukan ƙarfinta, ya motsa kaɗan, kan ya ɗago har filaya ta samu wurin kamawa. Bis ɗin nan guda ya ci lokaci fiye da fallayen biyu a haɗe. Bayan haka ta bi gefen kowane ƙarfe da reza tana yanke danƙon silikon da ya manne shi da karo, ciki da waje, kafin ta janye shi a hankali. Wanda ya fizge ƙarfen ba tare da ya yanke danƙon ba yana iya tahowa da karo a hannunsa.

Ƙarfen ƙasa ba a kafe shi da kusa ba, domin ba a huda baho. Danƙo kaɗai ke riƙe da shi. Ta yanke ta ɓangarorin biyu, ta cusa abin kankara na roba a ƙarƙashi, ta riƙa ɗagawa kaɗan kaɗan daga wannan kai zuwa wancan. Da ya tashi sai wari ya bugi ɗakin. A ƙarƙashinsa akwai baƙin laka mai kaurin yatsa, haɗin sabulu da gashi da funfuna da farin gishirin ruwa, na mutanen gidan da na waɗanda suka riga su zama, tarin shekaru da ba wanda soso ya taɓa kaiwa gare shi. Yaron ya toshe hanci ya fice. Tsohuwar ta leƙo, ta girgiza kai.

“Ashe a kan wannan ake ta alwala,” in ji ta, ba da kowa take ba.

Sauran aikin na haƙuri ne. Matar ta manna maganaɗisu a jikin bahon, ya kama, ta gane ƙarfe ne da aka lulluɓe da farin tangaran, irin na kwanukan jere a ɗakin amare. Irin wannan yana jure reza idan an kwantar da ita sosai, amma in aka ɓantare tangaran ɗin tsatsa za ta shiga. Da bahon roba ne, ko kusa ba a kai masa reza. Ta kankare danƙon da abin roba, ta bi ragowar da reza a kwance, ta goge da alkol. Gishirin ruwan kuma ta jiƙa tsumma da ruwan khal ta shimfiɗa a kansa na ɗan lokaci, sannan ta wanke. Sai da ta ɗauraye wurin sarai ya bushe kafin ta kawo ruwan jabel don funfunar, domin haɗuwar jabel da ruwan khal tana tayar da iska mai guba, a ɗakin da tagarsa ba ta fi faranti ba.

Ramukan bis shida suka rage a bango. Wanda ya saba da ginin bulo da siminti zai iya raina su, amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Bangon gidajen can katako ne a tsaye, an rufe shi da allo, an manna karo a kai. Ruwan da ya bi ta rami ɗaya ba ya fitowa, yana can yana ruɓar da katako a ɓoye har ranar da karo zai soma faɗowa. Ta zaro robobin da bis ke shiga, ta busar da ramukan, ta cika kowanne da sabon farin silikon, ta shafe da yatsa. Sabon silikon ba ya kama tsoho, shi ya sa ta tsaya sai da ta ga ba ɓurɓushi. Ta hana kowa sakin ruwa a wurin har kwana ɗaya.

Maigidan ya dawo daren Lahadi, ya tsaya a ƙofar ɗakin wankan ya daɗe yana kallo. Bai yaba ba, bai kuma kushe ba. Washegari ya fita ya dawo da sandar dogarawa ta ƙarfe da bakin injin huda karo. Matar ta so sayen irin wadda ake mannawa da iska, ya ce a'a, abin da ke saki ba sanarwa ba abin dogara ba ne. Ya nemo inda katakan bangon suke, waɗanda ake jerawa inci 16 tsakani, kimanin santimita 40, ya huda karon a hankali, ya kafe sandar a jikin katako. Ƙa'idar gine-ginen jama'a a ƙasar ta ce irin wannan sanda ta ɗauki kilo 113. Shi bai da ma'auni, sai ya kama ta da hannu biyu ya saki dukan nauyinsa a kanta. Da ya ga ba ta motsa ba ya tattara kayansa ya fita, tun kafin surukarsa ta fito daga ɗaki.

Aka kafa sandar labule mai tokare bango biyu, aka rataya labule biyu, na roba a ciki da na yadi mai kauri a waje. Matar ta tsaga na robar a wuri biyu don ya sauka ta gefen bencin, ruwa kada ya bi ta kansa ya jiƙa daɓe. Ta sayo kan shawa mai tiyo wanda ake riƙewa a hannu, tsohuwar ta dube shi ta ce ita ba mota ba ce da za a wanke da tiyo. Aka kawo bokiti da moɗa, aka ajiye su a cikin bahon gaban bencin, daidai inda hannun dama zai kai. A kan zafin ruwa ne kaɗai matar ta ƙi sassautawa. Uwarta ta saba da ruwan da ke tururi, ɓarin da ya shanye kuwa ba ya jin zafi yadda ya kamata, yana iya ƙonewa mai shi bai sani ba. Ta rage tukunyar ruwan gidan zuwa digiri 49, kuma ita ke sirka bokitin ta gwada da gwiwar hannunta kafin ta kira.

Tsarin da suka zauna a kai ba wanda ya tsara shi da baki. Tsohuwar takan shigo da ɗaurin ƙirji, ta zauna a bakin bencin. Matar ta durƙusa ta ɗaga mata ƙafar hagu ta shigar, idonta a ƙasa, ta ja labule. Can sai zanen ya fito ta saman sanda. Matar ta zauna kan murfin masai, ta juya baya, tana jin ƙarar moɗa. Ba sa magana. Idan ƙarar ta tsaya fiye da kima, sai ta yi gyaran murya, daga ciki a amsa da gyaran murya. A mako na farko jaririyar ta koma cinyar kakarta, baƙi kuma suka sake samun mai yi musu tsiya a falo.

Akwai wurin da hannun dama ɗaya ba ya kaiwa, kuma su biyun sun san da shi. Kusan wata guda ba wadda ta tayar da maganar. Wata ranar Juma'a da hantsi ƙarar moɗa ta tsaya, matar ta yi gyaran murya, ba a amsa ba. Ta juyo da sauri, sai ta ga hannu ya fito ta gefen labulen, riƙe da soso mai kumfa.

“Ke,” in ji muryar daga ciki. “Bayan nan.”

Ta karɓi soson, ta zura hannunta ta tsagar labulen, fuskarta na duban ƙofa, ta cuɗa daga kafaɗa zuwa ƙugu yadda take yi wa baƙi kullum a wurin aiki, sai dai a nan hannunta na rawa. Da ta gama ta miƙa soson, aka karɓa, ƙarar moɗa ta ci gaba.

Fallayen gilashin suna gareji, a naɗe cikin bargo, an jingina su a tsaye bayan injin yankan ciyawa, tare da ƙarafan huɗu da bis biyar a cikin leda. Ba a karɓar irinsu a kwandon kwalabe, kuma maigidan bai daina cewa wata rana za a mayar ba. A bakin bahon akwai dogon layi mai faɗin yatsa biyu wanda ya fi sauran wurin fari, inda ƙarfe ya kare tangaran daga soso shekaru da dama, kuma ba sabulun da ya iya daidaita shi. Duk farkon hunturu matar takan bi ɗigon silikon shida da ke bango da yatsa, ta danna kowanne, ta tabbatar bai saki ba.